Ƙafata ta Dama a Kwarin Tuluna

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga mata hanyoyi, ya ba bawa ƙafa biyu, sannan ya bar masa zaɓin inda zai jefa su. Bayan haka, ku sani ni Cindo mai zayyana na yi shekara uku a tsare a hannun mutanen da ba su san alƙibla ba, a bayan duwatsun da tsuntsu ke hutawa sau biyu kafin ya haye su. Ƙiba na yi a wurinsu.

Tawada ce ta fitar da ni daga gida. Sana'ata rubutu ce da yi wa littattafai ado, kuma na gaji da buɗe aikin da na yi shekara goma baya in tarar ya koɗe ya koma kamar sawun kiyashi. Wani falke ya ba ni labarin wani tsoho, Malam Kwaire na Tudun Alli, wai ya san haɗin tawadar da ruwa ba ya wankewa, rana ba ta ci. Ya ce tsohon ya haura tasa'in, bai kuma koya wa kowa ba. Ban cika gaskata fatake ba, amma na lura ƙaryarsu ba ta wuce nisan hanya da tsawon macizai. Na ɗaura wa jakina kaya.

Ba zan cika ku da abin da na gani a hanya ba. Na ƙetare kogin da ke gangarawa gabas da safe ya komo yamma da la'asar, masu jirgin wurin ba su iya tuƙi ba, jira kawai suka ƙware a kai. Na ratsa ƙasar da tsuntsaye ke maimaita duk abin da mutum ya faɗa a bayan idon maƙwabcinsa. Mutanen can ba su da yawan magana, ana kuma yaba kirkinsu ƙwarai. A dajin gaba jakina ya ci wata ciyawa, ya zauna ya ɗaga kai sama kamar mai nazarin duniya. Na jira shi kwana biyu, na ga nazarin ba mai ƙarewa ba ne, na saɓa gafakata na bar shi.

Da yunwa na isa Kwarin Tuluna. Gari ne a cikin zoben duwatsu masu santsi, kamar an ajiye shi a gindin akushi. Ƙofa ɗaya ce tak, an sassaƙe ta a jikin dutse, dokin ƙofar baƙi ƙirin yana danshi. Wani ƙaton mutum na zaune a gefe da 'yar sanda wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba. Shi ne Sarkin Ƙofa, sunansa Babuje.

Na ce, "Ana shiga?"

Ya ce, "Shiga ba a taɓa hana kowa ba."

Na yaba da karamcinsa. Tambaya ta biyu ba ta zo mini ba.

Kowane gida a garin nan giya yake dafawa, ta dawa da zuma, a ɗura a tulu a liƙe bakin da kaki, ta yi shekaru tana ƙara ƙarfi. Aka sauke ni gidan Tarana, magajiyar masu dafawa, dattijuwa mai faɗin kafaɗa wadda hayaƙin murhu ya rina wa ido. Ta kawo tuwo da man shanu, ta kawo ƙoƙon giya. Na ce addinina ya hana.

Ta ce, "Madalla da addininka. Tamu ta ƙaru."

Da na ƙoshi sai idona ya fara yawo, wannan kuwa tsohuwar cuta ce. Kowane tulu a rumfarta yana da 'yar fatar akuya kamar tafin hannu, an manna ta da ƙaro ta haye bakin tulun, yadda ba a buɗewa sai an yage ta. Shaida suke kiranta. A kanta ake zana hoto, a rubuta abin da ke ciki da ranar da za a buɗe. Na ɗauki ɗaya na duba.

"Inna, wannan kunkuru ne?"

"Mijina ne, marigayi."

Na yi mata ta'aziyya. Sannan na ce ba ni da abin da zan saka mata da shi sai hannuna, ta bari in yi mata shaida guda wadda ido zai iya zama a kanta.

Ta dube ni. "Ka tabbata, Malam?"

Sau uku ta tambaya. Na ɗauka kawaici ne.

Matsala ɗaya ce: a garin nan ba a rubuta wa tulu ƙarya, ni kuwa ban san ɗanɗanon abin ba. Tarana ta ce in je gindin tsamiya inda maza ke zama in buɗe idona. Na yini a can. Washegari na zana mata zakara a kan turmi yana cara da tsakar rana, da shuni da jar ƙasa, na kewaye shi da sarƙar zayyana irin ta bangon littafi. A ƙasa na rubuta: "Ƙoƙo ɗaya, ka tuna surukinka mutumin kirki ne. Ƙoƙo uku, ka tafi ka gaya masa." Ta sa aka karanta mata, ta yi dariya har ta dafa bango. Sai ta kawo baƙin tukunya da mai, ta shafa mini a tafi, ta danna hannuna a bayan fatar. Sunana ya riga ya gaya muku yatsu shida ne a hannuna na dama. Babu mai irin wannan tambari daga nan har bakin teku.

Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun yi layi. Na zana akuya sanye da rawani tana yi wa kura shari'a. Na zana wata tsohuwa tana goyon raƙumi, na rubuta: "Mai sha zai ga zai iya." Ranar buɗewa mai tulu ne ke faɗa, ni rubutawa ce tawa, kuma ban tsaya na saurari abin da nake rubutawa ba. Wannan ya ce ranar auren 'yarsa, tana bayan uwarta a goye. Wancan, Nomau, ya ce ranar da kukar tsakar gidansa ta faɗi.

Ran na takwas na saɓa gafaka na nufi ƙofa.

Babuje ya ce, "Ina zuwa, Malam?"

"Tudun Alli."

"Wuri mai kyau, in ji waɗanda suka je. Tulunanka nawa suka rage?"

"Ba ni da tulu ko ɗaya."

"Arba'in da ɗaya." Ya miƙe 'yar sandarsa a gabana, ba da fushi ba. "Wanda ya sa hannu a shaida shi ke amsawa. In an buɗe tulu aka tarar abin ciki ya saɓa wa abin da ke baki, wa za mu tambaya? Dutse? Ranar da aka yage ta ƙarshe, ni da kaina zan raka ka."

"Yaushe ke nan?"

"Kukar gidan Nomau tana da ƙwari, gaskiya."

Na koma na samu mai zanen kunkuru. Wani tsoho ne, Ajuji, yana zaune a wata bukka bayan rumbuna. Shi ma baƙo ne, shekararsa talatin da takwas a garin, tulu ɗaya ya rage masa.

Ya ce, "Da na zo ni ma na iya zane, ɗana. Daga baya na yi hankali. Abin da ba shi da kyau ba a jin zafin yage shi."

Na gode masa, na tafi na bi shawararsa. Na zana wa mutane abubuwan da ni kaina ba na iya kallo: layuka a karkace, tabo nan tabo can, doki mai kama da buhu. Sai dai na makara, hannuna ya riga ya yi suna. Suka ce sabon salo ne, suka sa masa zanen fushi, suka yi ta rububi. Wani ya ce in rubuta masa za a buɗe nasa ranar da aka gane abin da na zana. Na ajiye alƙalami wata biyu, na ce na daina. Sai waɗanda ke da tulunana suka gina musu gurbi a bango, suka rataya labule, ba a ɗagawa sai an yi baƙo. Na koma aiki, don zaman banza a gindin akushi ya fi zanen tulu tsawo. Da shekara ta biyu ta ƙare, hannuna yana kan tulu ɗari uku da goma sha biyu, an yage goma sha ɗaya, ɗaya ma akuya ce ta ture.

Duwatsun na gwada su. Na hau kamu goma na dawo ƙasa da sauri fiye da yadda na yi niyya. Sai na lura kullum da hantsi ana fitar da randuna a amalanken shanu a ɗebo ruwa a wani marmaro da ke waje. Na shiga ɗaya na ja murfi. A ƙofa na ji Babuje yana bin randunan yana ƙwanƙwasa su da 'yar sandar nan, a nan na gane amfaninta. Ya zo kan tawa, ya buga sau ɗaya, ya kasa kunne.

Ya ce wa mai shanun, "Wannan tana riƙe numfashi. A mayar da ita gidan Magajiya, a hankali, kada ta fashe."

Suka sauke ni a inuwa. Ba wanda ya ɗaga murfin. Can na ji an ajiye akushi a gefe, na ji muryar Tarana tana ce wa kaji, "Tuwon nan in ya huce ba ya daɗi." Ban taɓa jin wani ya ta da maganar ba har na bar garin, kuma da sun yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

A shekara ta uku damar ta zo da kanta. Duk bayan shekara bakwai kowane gida kan kawo ƙwarya guda ta mafi kyawun giyarsa, a haɗa a wata randa mai tsawon mutum biyu a tsakiyar kasuwa. Uwar Tuluna ke nan. Shaidarta fatar bijimi ce sukutum, kuma a kanta kaɗai mai zane ne ke zaɓen ranar buɗewa. Tarana ta ƙara da cewa ranar da aka buɗe Uwa, duk tulun da ke ɗauke da hannun da ya yi mata shaida sai an buɗe shi, ko me aka rubuta a kansa, don ba a barin 'ya'ya a rufe uwa tana buɗe. Ta faɗi wannan tana kallon wuta, ta kuma maimaita.

Kwana tara na yi a kan zanen: garin gaba ɗaya, gida-gida, har da tsamiya da masu zama a gindinta. Kwana uku na yi a kan jimlar ranar buɗewa. Na so in ɗaure su da dokarsu kamar yadda suka ɗaure ni da ita, in kuma bar musu abin da za su riƙa tunawa da shi cewa wani mai ilimi ya taɓa ratsowa. Na danna yatsuna shida, aka manna fatar, na hau turmi na karanta wa jama'a: "Za a buɗe ta ranar da Cindo ya fita garin nan."

Na jira guɗa. Ba ta zo ba.

Babuje ya sosa ƙeya da sandarsa. "Ba a buɗe ta sai ka fita."

"Haka ne."

"Ba ka fita sai an buɗe ta."



Tarana ta ce, "Malam, shekara nawa ka yi kana karatu?"

"Goma sha tara, Inna."

"Da ka rubuta ranar kasuwa, da jibi kana hanya."

Shaidar da aka sa wa hannu ba a goge ta. Wata bakwai muka yi a haka, ni a tsare da su, su a tsare da ni. Ƙamshin Uwa ya cika kwarin, ƙudan zuma suka yi mata rawani, maza suka riƙa zama a inuwarta suna haɗiyar yawu. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa dai ta gajarce, man shanu ya ɓace daga tuwona. Da kaka ta yi, fatake suka yada zango a marmaro, na yi magana da su ta kan kafaɗar Babuje. Suka ce Malam Kwaire yana nan, amma yanzu ɗaukarsa ake yi a kai shi rana, a dawo da shi. Na koma na zauna kusa da ƙofa, inda na saba yini ina kallon faɗin hanya.

Ina nan zaune sai wata akuya ta zo ta kwanta a kan dokin ƙofar, ta tare hanya. Mai ita na kiranta daga ciki, ta ƙi.

Na ce, "Sarkin Ƙofa, akuyar nan tana ciki ne ko tana waje?"

Ya dube ta da kyau, don shi ba ya amsa tambaya da wasa. "Gabanta ya fita. Bayanta bai fita ba."

"In aka ce ta fita, an yi ƙarya?"

"Ba a yi ba."

"In aka ce tana ciki fa?"

Ya dubi akuyar, ya dube ni. Sannan ya tashi, karo na farko da na ga ya bar ƙofar babu mai tsaro, ya tafi kiran Magajiya.

Dattawan mata suka yi zama, bai kai tafasar tukunya ba suka yarda. Ƙishirwa tana taimaka wa fahimta. Sharaɗi ɗaya suka sa: ƙafar hagu a waje, ta dama a ciki, kuma ta dama ba ta ɗagawa sai an yage shaida ta ƙarshe. Zubar da giya kuwa abin kunya ne a wurinsu, sai dai a shanye. Abin da kawai ake zubarwa shi ne gwiɓa, baƙin kaurin nan da ke kwantawa a gindin tulu, ita ma a dokin ƙofa ake juye ta, daga ciki. A ranar na san abin da ya baƙanta wurin, don a kan ƙafata ake juyewa.

Manyan garin ba su fi ɗari huɗu ba. Tulu ɗari uku da ɗaya, ga Uwa. Kwana biyar suka yi suna aiki, kuma ban taɓa ganin al'umma ta dage a kan taimakon baƙo haka ba. Aka zarga mini igiya a hammata aka ɗaure a saman ƙofa don in riƙa rataya ina hutawa. Sallolin na rama su daga baya. Daga inda nake ina jin ƙarar fata tana yagewa, kyat, kyat, kowace na san wadda ce. Akuya mai rawani ta tafi ran farko. Fatar bijimin da na yi kwana tara a kanta, mutum shida suka ja ta. Ban zaci zai dame ni ba.

Abin da zan ce don kare sana'ata shi ne ba a kama ni da ƙarya ko ɗaya ba. Na ga surukai suna rungume da juna suna kuka. Na ga wata tsohuwa tana neman raƙumi. Nomau ya tafi ya ba kukar gidansa haƙuri.

Ran na huɗu Ajuji ya zo yana dogara sanda. Na ce, "Baba, gaya mini gidan da tulunka yake. Yau kowa zuciyarsa a buɗe take, sai in roƙa maka."

Ya ce, "Yana ƙarƙashin gadona. Shekara ashirin ke nan da na karɓo shi."

"Me ya hana ka buɗewa?"

"Aikena aka yi, ɗana, aka ce in je in dawo kafin damina. Da wace fuska zan koma?" Ya dubi hanya. "In ka isa inda za ka, ka ce ina tafe."

Na ɗauka ya taya su aikin ne, giya ke magana, ban ja maganar ba.

Ran na biyar da la'asar garin ya yi tsit, sai minshari daga kowace rumfa. Babuje kaɗai ke tsaye, bai sha ba don shi ke ƙirga fatu. Tarana ta taho tana tafiya kamar mai auna ƙasa, tana rungume da tulun zakara. Ta zauna a gabana, ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta sa babban yatsa ta yage. Ta sha, ta miƙa wa Babuje ya ƙarasa, ta juye mini gwiɓar a kan sauran.

"Ɗaga ƙafarka, Malam."

Na ɗaga, ba ta ɗagu ba. Ta manta ni ne mai ita. Babuje ya ajiye sandarsa, ya durƙusa, ya kama ta da hannu biyu ya ƙetarar da ita waje, ya kwance igiyar. Ya raka ni har marmaro kamar yadda ya yi alkawari, a kafaɗarsa.

Tarana ta ɗaga murya daga ƙofa, "In an ba ka tuwo a gaba, ka ce na gode kawai."

Kwana arba'in na yi zuwa Tudun Alli, ina ɗingishi a bayan fatake. Ƙafar ta dawo hayyacinta a hanya, amma daga yatsu zuwa ƙwauri ta zama baƙa kamar an tsoma ta a rijiyar marina. Na wanke da toka, na wanke da sabulun salo, na goga lemon tsami da yashi. Ko gezau.

Na tarar da Malam Kwaire da rai, an shimfiɗa shi a rana a kan buzu, ido ya kusa tafiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da na malamaina, na faɗi abin da ya kawo ni da shekarun da na ɓatar a hanya. Hancinsa ne kawai ke motsi.

Ya ce, "Matso da ƙafar nan."

Na matso da ita ina jin kunya. Ya kankare da farce, ya tofa yawu ya murza da gefen zanensa, ya kai ido kusa.

"Kwana nawa?"

"Arba'in, Allah gafarta Malam."

"Ba za ta fita ba. Ita ce. Gwiɓar tulun da ya shekara a rufe, a tace, a sa ƙaro kaɗan. Babu wani haɗi." Ya koma ya kwanta. "Gora guda na samo ina saurayi. Da ta yi ƙasa na aiki ɗalibina Ajuji ya ɗebo mini. Shiru har yau."

"Ya ce yana tafe."

"To madalla. Kai ka zo da ko 'yar kaɗan?"

Na ce na zo da ta tulu ɗari uku da ɗaya, har da ta Uwa, sai dai duk a jikina take.

Shekara ashirin da shida ke nan da komowata gida. Littattafan da na rubuta tun daga lokacin duk sun fara koɗewa. Ƙafar tana nan baƙa ƙirin.